Mura a damina: wane magani ne ke aiki, wanne ne asarar kuɗi?

Tambaya: Wani magidanci mazaunin Agege, mai sana'ar kayan gwari a kasuwar Mile 12, ya ce da zarar damina ta kankama sai mura ta riƙa zagaya gidansa, daga shi zuwa uwargida zuwa yara biyu, ɗan shekara huɗu da jaririya 'yar wata takwas. In ya je kemis akan haɗa masa Procold da Panadol da Ampiclox da bitamin C, kwanan nan kuma aka ƙara masa da zinc. Yana son sanin wanne ne ke maganin murar a cikinsu, nawa ya kamata a sha, me kuma zai ba yaran.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara lafiya, ya kuma ba iyali sauƙi. A cikin abubuwa biyar ɗin da ka lissafa babu ko ɗaya da ke kashe mura. Biyu suna rage wahala, amma haɗa su wuri ɗaya yana da haɗari. Ɗaya ba shi da wani aiki a nan sam. Sauran biyun kuwa amfaninsu ya yi ƙasa ƙwarai da yadda ake zuzuta su.

Mura ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma irinsu sun haura 200, shi ya sa mutum zai warke wannan watan wata ta kama shi wata mai zuwa. Jiki ne da kansa yake kawar da ita. Takan tsananta a rana ta biyu zuwa ta uku, ta lafa cikin kwana 7 zuwa 10, tari kuma yana iya jan ƙafa har mako uku ba tare da wani abu ya lalace ba. Dukan ruwan sama ko kwana ƙarƙashin fanka ba su ne ke haifar da ita ba. Abin da damina ke yi shi ne ta cusa mutane wuri ɗaya, a danfo da BRT an rufe tagogi, a ɗaki ɗaya mutum shida, a rumfar kasuwa ana fakewa, sai atishawar mutum ɗaya ta ishi kowa. Akwai kuma mura mai tsanani wadda likitoci ke kira infuluwenza. Ita ba ta sallama: da safe mutum lafiya lau, kafin la'asar zazzaɓi mai zafi, ciwon jiki kamar an yi masa duka, ciwon kai, busasshen tari, ya kasa tashi. Ita ma bairos ce, amma ta fi saurin gangarawa huhu.

A nan Legas akwai abin da ya kamata ya riga kowane magani, wato gwajin maleriya. Zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi duk suna zuwa a maleriya, suna zuwa a infuluwenza, kuma ba mai iya bambanta su da ido, ko da likita ne. In mura ce zalla, hanci na zuba, atishawa, maƙogwaro na kaikayi, jiki bai yi zafi sosai ba, babu buƙatar gwaji. In zazzaɓi ya fito fili, musamman ga yaro, a yi gwajin nan na ɗigon jini a yatsa, minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito. In ya nuna akwai, a sha maganin maleriya cikakke na kwana uku. In ya nuna babu, kada a sha wai don a rufe ƙofa.

Ampiclox antibayotik ne, aikinsa kashe bakteriya, ba ya taɓa bairos. Mutum ya sha shi ya warke a kwana bakwai, wanda bai sha ba shi ma ya warke a kwana bakwai. Abin da mai shan ya samu ƙari shi ne yiwuwar gudawa, ƙuraje, ƙaiƙayin gaba ga mata, da kuma horar da bakteriyar jikinsa su saba da maganin, ta yadda ranar da nimoniya ta gaske ta zo sai a ba shi ya ƙi ci. Mafi muni shi ne yadda ake sayar da shi a haɗin kemis, kafso biyu ko huɗu a ƙulle a leda. Wannan ko cutar bakteriya ce ba zai warkar ba. Mutane da yawa suna kafa hujja da cewa majina ta koma ruwan ɗorawa ko kore, don haka "ta nuna". Wannan launin daga ƙwayoyin garkuwar jiki ne da ke yaƙi a cikin hanci, kuma yana faruwa a murar yau da kullum wajen rana ta uku zuwa ta biyar. Shi kaɗai ba dalilin antibayotik ba ne. Haka Septrin, haka Amoxil, haka Cipro, duk antibayotik ne.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya da kyau, wato Procold da Panadol. Panadol sunan kamfani ne, maganin da ke ciki parasitamol ne. Procold, da Mixagrip da ire-irensu, haɗi ne na magani uku a ƙwaya ɗaya: parasitamol, da mai buɗe hanci, da mai tsayar da zubar majina. Ke nan wanda ya sha su tare ya sha parasitamol sau biyu bai sani ba. Ƙa'idar babba mai lafiya ita ce miligiram 500 zuwa 1,000 a lokaci ɗaya, tazarar aƙalla awa 4 zuwa 6, kuma kada jimla ta wuce miligiram 4,000 cikin awa 24, wato ƙwaya takwas 'yan 500. Yi lissafi da kanka: Panadol biyu sau uku a rana 3,000 ke nan. Ƙara ƙwayar mura ɗaya sau uku, kowace da 500 a ciki, an kai 4,500. In da dare jiki ya matsa aka ƙara Boska ko Ibucap, su ma akwai parasitamol a cikinsu. An wuce iyaka ba tare da an yi niyya ba, kuma a haka za a yi kwana huɗu ko biyar.

Abin da ya sa wannan ke da ban tsoro shi ne yadda parasitamol ke yi wa hanta illa a ɓoye. Hanta na sarrafa shi, a hanya tana fitar da wani ɗan guba da take da abin kashe shi daidai gwargwado. In maganin ya yi yawa, abin kashewar ya ƙare, gubar ta fara cin hantar. Ranar farko mutum ba ya jin komai sai ɗan tashin zuciya, wanda zai ɗauka murar ce. Sai bayan kwana biyu ko uku ciwo ya bayyana a dama ƙarƙashin haƙarƙari, ido ya yi ɗorawa. Akwai maganin karya gubar a asibiti, amma ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Don haka wanda ya gane ya sha fiye da kima, ko yaro ya samu kwalba ya kwankwaɗa, asibiti za a nufa nan take ko da yana wasa yana dariya. Wanda ke da ciwon hanta irin hepatitis B, wanda ke da yawa a ƙasar nan, ko nauyinsa bai kai kilo 50 ba, ko ya kwana biyu bai ci abinci ba, iyakarsa ta yi ƙasa da 4,000, ya tambayi likita ko mai famasi.

Shawarata ita ce ka daina sayen haɗi. Ka tambayi kanka me ya fi damun ka yau, ka sayi maganin wannan abin shi kaɗai. Kuma duk kwalin da aka miƙo maka, juya shi ka nemi inda aka jera abin da ke ciki. In ka ga Paracetamol ko Acetaminophen, abu ɗaya ne, ka sa shi a lissafi.

Ga ciwon jiki da zazzaɓi, parasitamol ya isa. Ibuprofen ma yana aiki, miligiram 200 zuwa 400 duk awa 6 zuwa 8, kada a wuce 1,200 a rana ba da izinin likita ba, kuma a sha bayan an ci abinci. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai asmar da irin wannan magani ke tayar masa, da mace mai ciki, su bar shi. Wanda ke amai ko gudawa ko ya yini cikin rana bai sha ruwa ba shi ma ya bari, don a jikin da ruwa ya ƙare ne yake taɓa ƙoda. Kada a haɗa shi da diclofenac ko Feldene, dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi sai dai ya ƙara yiwuwar zubar jini a ciki. Alabukun, garin maganin nan da ya cika Legas har a tebur ɗin mai goro, asfirin ne miligiram 760 da kafeyin 60 a ƙunshi ɗaya. Shi ma dangin nan ne. Kuma asfirin kowane iri ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba, musamman lokacin mura ko farankama, saboda wata cuta mai suna Reye da ke kumbura ƙwaƙwalwa ta lalata hanta. Ba ta da yawa, amma tana kisa.

Wani abin da ke ɓuya a haɗin kemis shi ne 'yar ƙaramar ƙwayar dexamethasone ko prednisolone. Tana sa mutum ya ji garau cikin 'yan awoyi, shi ya sa ake yabon mai kemis da cewa hannunsa na da kyau. Abin da take yi shi ne danne garkuwar jiki, ta ɗaga suga da hawan jini. Ba ta da gurbi a mura. Duk ƙwayar da aka ɓare daga katinta aka zuba maka a leda ba suna, kada ka karɓa.

Toshewar hanci ba majina ce kawai ba, jijiyoyin jinin cikin hanci ne suka kumbura. Magungunan buɗe hanci suna matse su. Waɗanda ake haɗiyewa iri biyu ne. Pseudoephedrine yana aiki, amma ba hanci kaɗai yake matsewa ba, yana ɗaga hawan jini, ya sa zuciya bugawa da sauri, ya hana barci, ya kuma riƙe fitsari ga dattijon da dama fitsari ke yi masa wuya. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya nisance shi. Mai shayarwa ma haka, domin yana rage ruwan nono, wannan kuma ya shafi uwargidanka kai tsaye tunda akwai goyo. Ɗayan, phenylephrine, a watan Satumba na 2023 kwamitin masana na hukumar magunguna ta Amurka ya yi ittifaƙi cewa in haɗiye shi aka yi ba ya buɗe hanci fiye da ƙwayar da babu komai a ciki, saboda hanji na lalata yawancinsa kafin ya isa jini. Har yanzu yana cikin haɗe-haɗen mura da yawa a kasuwa. Na ɗigawa ko fesawa a hanci, irin Otrivin, ya fi sauri, cikin minti kaɗan hanci ya buɗe. Matsalarsa ita ce in aka wuce kwana biyar zuwa bakwai, hanci yakan saba, da maganin ya sake sai ya toshe fiye da da, mutum ya koma ba ya rabuwa da kwalbar a aljihu. Ni na fi so a tsaya a kwana uku, kuma a bar shi ga dare don a samu barci. Na manya da na yara ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kada a ɗiga wa yaro na babba.

Piriton, wato chlorpheniramine, miligiram 4 duk awa 4 zuwa 6, kada a wuce ƙwaya shida a rana, yana ɗan rage zubar hanci da atishawa a kwana biyun farko. Illarsa ita ce yana sa barci. Direban tirela da ke jiran lodi a Apapa, mai keke Napep, ɗan acaba, mai yankan nama a mayankar Oko-Oba, duk wanda aikinsa ke buƙatar ido da hannu su kasance a farke, kada ya sha shi da rana, kuma ya tuna yana cikin ƙwayoyin haɗin mura. Loratadine da cetirizine ba sa sa barci sosai, amma a mura ta gaske ba su cika yin komai ba. Inda suke aiki shi ne murar da ba mura ba, wato borin hanci: atishawa a jere da asuba, ido na ƙaiƙayi, majina fara kamar ruwa, ba zazzaɓi, kuma abin na dawowa duk lokacin da aka share ɗaki ko aka shaƙi ƙurar buhuna. Ɗakunan Legas da ke riƙe danshi da funfuna a bango suna tayar da wannan sosai. In murarka ba ta ƙarewa wata da watanni, ka duba wannan ɓangaren.

Maganin tari na kwalba shi ne inda aka fi zubar da kuɗi. Gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna yana yin wani abin kirki fiye da ruwan zaƙi ba. Babba mai busasshen tari da ke hana shi barci zai iya gwada mai dextromethorphan na 'yan kwanaki. Tarin da ke fito da kaki kuwa ba a son a danne shi, hanya ce jiki ke sharewa. Mai kodin a ciki gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi tun watan Mayun 2018, bayan da ɓarnar da yake yi wa matasa ta fito fili, don haka wanda ya zaro maka shi daga ƙarƙashin kanta ba taimakonka yake yi ba.

Sai bitamin C. Tun wajen 1970 da wani shahararren masanin kimiyya ɗan Amurka, Linus Pauling, ya yayata shi, aka yi ta gwada shi a kan dubban mutane. Da aka tattara gwaje-gwajen a 2013, abin da ya fito shi ne: shan sa kullum ba ya hana yawancin mutane kamuwa da mura. Wanda dama yake sha kullum kafin ta kama shi, murarsa takan gajarta da kimanin kashi 8 cikin ɗari ga manya, kashi 14 ga yara, wato bai kai yini ɗaya ba a murar mako guda. Wanda kuma ya fara sha bayan ta kama shi, kamar yadda kusan kowa ke yi, ba a ga wani tabbataccen amfani ba. Jikin babba na buƙatar miligiram 75 zuwa 90 ne a rana, ragowar fitsari ke tafiya da shi. Kai da ke Mile 12, gwaiba ɗaya ta ba ka fiye da hakan, haka lemun zaƙi babba ɗaya zai kai ka kusa, ga tattasai da tumatir a gabanka. 'Yan ƙwayoyin nan na miligiram 100 ba su da illa, in yara na son tsotsa ba laifi a ba babban yaron ƙwaya ɗaya. Manyan nan na 1,000 masu tafasa a ruwa su ne ake wuce gona da iri da su. Fiye da 2,000 a rana na kawo gudawa da murɗar ciki, ga mai tarihin tsakuwar ƙoda kuma yana iya tayar masa da ita.

Zinc ya ɗan fi bitamin C hujja, amma da sharuɗɗan da yawanci ba a cika su. Wanda aka ga yana rage kwanakin mura shi ne na tsotsa, wanda ke narkewa a baki a hankali, a fara shi cikin awa 24 da jin alamar farko, a riƙa tsotsa duk bayan awa biyu zuwa uku, jimlar abin da ake samu a rana ta haura miligiram 75. A haka yana iya rage kamar kwana biyu, kodayake gwaje-gwajen ba su yi daidai da juna ba. Yana barin ɗanɗanon ƙarfe a baki, yana tayar da zuciya, kuma ba a wuce mako ɗaya zuwa biyu a kan wannan adadin, domin iyakar shan yau da gobe ga babba miligiram 40 ne, wuce hakan na dogon lokaci na hana jiki ɗaukar sinadarin kofa, jini ya ragu, jijiyoyi su taɓu. Abin da aka fi samu a kemis ɗinmu shi ne zinc na miligiram 20 mai narkewa a ruwa, wanda aka yi don gudawar yara tare da ruwan gishiri da suga na ORS, kwana 10 zuwa 14. A can yana ceton rai. A mura, haɗiye shi sau ɗaya a rana ba shi ne abin da aka gwada ba. Kada a taɓa sa zinc a cikin hanci, a 2009 hukumar Amurka ta gargaɗi mutane bayan da wasu suka daina jin ƙamshi saboda irin wannan. In kuma likita ya ba ka Cipro ko doxycycline don wani dalili, a raba su da zinc da awoyi, don yana hana su shiga jini.

Bitamin D yana ɗan taimaka wa wanda dama yake da ƙarancinsa, shi ma a matsayin kariya ta dogon lokaci, ba maganin murar da ta riga ta kama ba. Kafso ɗin tafarnuwa, echinacea, da kwalaben "ƙarfafa garkuwar jiki" masu tsada da ake tallatawa a WhatsApp, hujjarsu ba ta kai kuɗinsu ba.

Abin da na fi yarda da shi yawancinsa yana kicin ɗin uwargida. Ruwa mai ɗumi a kai a kai, shayin citta da lemun tsami, kunu, farfesu mai ɗan yaji. Ba sa kashe bairos, amma suna sassauta majina, su sanyaya maƙogwaro, su mayar da ruwan da zazzaɓi ya ƙone. Zuma cokalin shayi ɗaya zuwa biyu kafin barci tana rage tarin dare, kuma a gwaje-gwajen yara ta yi daidai da maganin tarin kanti ko ta ɗan fi shi. Ga maƙogwaro, rabin cokalin shayi na gishiri a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, a kurkure har can ciki a zubar, sau uku ko huɗu a rana. Sirace yana ba wasu sauƙi na ɗan lokaci, babba zai iya yi, amma kada a lulluɓe yaro da bargo a kan tukunyar tafasasshen ruwa. Ƙunar da ake samu a haka ta fi murar muni nesa ba kusa ba. Robb da Aboniki a shafa a ƙirji da wuya kawai. Ba a cusa su a hanci, ba a lasa, ba a jefa su a shayi, domin kafur ɗin da ke cikin irin waɗannan man yana sa yaro farfaɗiya in ya haɗiye. Ƙasa da shekara biyu ba a shafa musu ma sam.

Yaronka ɗan shekara huɗu ba ya buƙatar Procold ko maganin tari na kwalba. A Ingila tun 2009 aka hana ba 'yan ƙasa da shekara shida irin waɗannan haɗe-haɗen, saboda ba a ga amfaninsu ba, an kuma ga illarsu. In jikinsa ya yi zafi har ya hana shi sukuni, parasitamol na ruwa, kuma da nauyi ake auna shi, ba da shekaru ba: miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, duk awa 6, kada a wuce sau huɗu a awa 24. Yaro mai kilo 16 zai sha har 240, wato mililita 10 na sirof ɗin da aka rubuta 120mg/5ml ko 125mg/5ml a jikinsa. A auna da murfin awo ko sirinji marar allura, ba da cokalin cin abinci ba, don cokula ba girmansu ɗaya ba. Zuma da daddare, ruwa da yawa, a bar shi ya huta.

Jaririyar kuwa, nono shi ne babban maganinta, a ƙara yawan ba ta. Zuma haramun ce gare ta a likitance har sai ta cika shekara ɗaya, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar da ke tsiro a hanjin jariri ta shanye masa jiki. Hancinta in ya toshe har ya hana ta kama nono, a sayi ɗigon ruwan gishiri na jarirai a famasi, wanda aka rubuta 0.9%, a ɗiga biyu a kowace kafar hanci minti kaɗan kafin shayarwa, a goge abin da ya fito. In tana da kilo 8, parasitamol ɗinta mililita 5 ne na sirof ɗin da na ambata. A kula, akwai na ɗigo na jarirai mai miligiram 100 a kowace mililita ɗaya, ya ninka sirof ƙarfi kusan sau huɗu, wanda ya auna shi da awon sirof ya ba da ninki huɗu. Kada a ba ta Piriton don ta yi barci.

Inda ake sayen na yara ma abin dubawa ne. A 2008 wani sirof na haƙoran jarirai mai suna My Pikin, da aka yi a nan Legas, ya gurɓata da sinadarin diethylene glycol, yara aƙalla 84 suka rasu da ciwon ƙoda. A 2022 irin wannan guba a sirof ɗin tari da mura ta kashe yara kusan 70 a Gambiya. Ka sayi magani a famasi mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ka ga murfi a rufe da hatiminsa. Wanda ake tallarsa a cikin bas ko a faranti cikin rana, ko da na gaske ne zafi ya riga ya taɓa shi.

Infuluwenza tana da nata maganin, oseltamivir, wanda aka fi sani da Tamiflu, miligiram 75 sau biyu a rana kwana biyar ga babba. Likita ne ke rubuta shi, kuma sai an fara cikin awa 48 yake da tasiri sosai. Ga mai ƙarfi a jika abin da yake ragewa kamar yini ɗaya ne. Waɗanda ya fi yi wa amfani su ne mai ciki, tsoho, mai asma, mai ciwon suga ko zuciya, mai sikila, da ƙananan yara, don haka su kada su tsaya jinya a gida in zazzaɓi mai zafi ya zo musu da tari farat ɗaya. Mai sikila ma dai duk zazzaɓin da ya kai 38 a ma'auni na asibiti ne.

Ga yara, ka koyi ƙirga numfashi, domin shi ne ke fara nuna mura ta zama nimoniya. A ɗaga riga lokacin da yaro ke kwance shiru, a ƙirga ɗagawar ƙirji na minti ɗaya cif da agogon waya. Daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye ya yi yawa. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Ƙasa da wata biyu, 60. In ƙasan ƙirji na lotsawa ciki yayin jan numfashi, ko yaro ya ƙi nono, yana amayar da komai, ya yi lagwas ba ya farkawa sosai, ya yi jijjiga, ko leɓe ya canza launi, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, zafin jiki 38 kaɗai ya isa dalili. Daga Agege babban asibitin Orile Agege na kusa, LASUTH na Ikeja, na Idi-Araba kuma ga LUTH a ƙofarsu, lambar gaggawa ta jihar Legas 112 ce ko 767.

Ga manya: zazzaɓin da ya wuce kwana uku, numfashi na yankewa, ciwon ƙirji in an ja iska, kaki da jini, ciwon kunne ko na fuska a gefe ɗaya mai tsanani, ko a ji sauƙi kwana biyu sannan zazzaɓi ya dawo da ƙarfi. Wannan na ƙarshen shi ne yanayin da bakteriya kan biyo bayan bairos, a nan ne antibayotik ke da aiki, likita ya zaɓa ya kuma faɗi kwanakin. Tarin da ya haura mako biyu, musamman da rama da zufar dare, a je a gwada tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da wani farin abu mai kauri a can ciki, ga yaron da bai kammala rigakafi ba ko wanda ya dawo daga gida Arewa kwanan nan, a yi tunanin mashaƙo, wanda ya yi ɓarna sosai a Kano da maƙwabtanta tun ƙarshen 2022. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya da ƙin haske kuma sanƙarau ake tsoro.

In kuma gida gaba ɗaya aka tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya lokaci ɗaya, babu majina babu zazzaɓi, kuma sauƙi na zuwa in an fita waje, a duba inda janareto ya kwana. Hayaƙinsa ba ya wari yadda za a farga, kuma a damina ne ake jawo shi baranda ko lungun ɗaki don gudun ruwa. A kashe shi, a buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da kowa, a tafi asibiti.